Tagwaye a Takarda

Layin na fara gani. Muna shiga gidan likita idona ya sauka a kan simintin baranda, na ga bana ba da alli suka ja shi ba. Sikoci suka manna, ledar nan mai ɗanko da ake ɗaure kwali da ita a kasuwa, ruwan ɗorawa, bakinsa na can ƙarshe ya ɗan ɗago ya kwashi yashi. Tsawonsa bai canza ba, taku goma ne idan diddige na taɓa yatsa. Amma ya fi na alli faɗi da kamar yatsa ɗaya. Na ji daɗin wannan, don a lokacin ba abin da nake tsoro kamar ƙafata ta kauce daga layin nan mutane suna kallo.

Zuwanmu na huɗu ke nan. Kowace shekara, idan albasar Garou ta fara cika kasuwa, wata farar mota takan taho daga kudu da likitoci, su yi mako guda a Malanville. Tun farko sun faɗa mana ba magani suke kawowa ba. Gidajen da ke da ciwon tangaɗi suke bi. Su duba masu ciwon, su duba 'ya'yansu da ba su kamu ba, shekara bayan shekara, ko za su gane yadda yake farawa.

Iya tana da shi. Babanta masunci ne a Garou, an ce tsaye yake tuƙa jirgi tun yana yaro, sai ga shi da furfura ya koma faɗawa ruwa ba iska ba igiya. Ƙanenta ma ya kamu, har jandarma suka taɓa tare shi a bakin gada suna sunsuna bakinsa, sun zaci giya ya sha. Ita kuwa Iya turara shinkafa take yi ta kai kasuwa a ka. Da kwano ya fara nunawa: tana tafe yana karkata, shinkafa tana zuba a bayanta, kajin unguwa suna binta. Daga baya ƙafa ta bi, sannan harshe ya yi nauyi.

Ba Iya ta haife ni ba. Gidanmu da nata katanga ɗaya ce tsakani, da wata 'yar ƙofa da aka fasa tun ban yi wayo ba. Ina da kwana ashirin a duniya Inna, wadda ta haife ni, ta kwanta ciwo, aka tafi da ita Kandi ta yi wata biyu a asibiti, nononta ya ƙafe. Lokacin Iya tana goyon ɗiyarta mai kusan wata biyar. Ta 'yar ƙofar nan aka miƙa ni. Ko da Inna ta warke ta dawo ban yarda da komai ba sai nonon Iya, har aka yaye mu rana ɗaya. Ɗiyar tata ita nake ce wa Yaya. Wata huɗu kawai ta ba ni, amma ba ta taɓa yafe mini ko kwana ɗaya daga ciki ba.

Shekarar da likitocin suka fara zuwa muna da sha huɗu. Ina gidan Iya ina tsince mata shinkafa suka shigo, likita mace doguwa mai gilashi, da wata madam 'yar Guéné da ke aiki a gidan likitan garinmu, ita ce tafinta. Aka ce wa Iya ta lissafa 'ya'yanta. Ta lissafa da yatsu: manyan uku maza da ke aiki a Parakou, sannan ta nuna mu da haɓa.

"Ga Babba, ga Ƙarama. Tare na goye su, ɗaya dama ɗaya hagu."

Aka tambayi shekarunmu, muka ce sha huɗu, sha huɗu. Likita ta ɗauki kirayon, wato fensir, ta zana. A takardarsu namiji akwati ne, mace zobe, mai ciwo kuma a cike shi da baƙi. Na leƙa na ga zoben Iya baƙi ƙirin, a ƙasansa akwati uku a jere, sai zobe biyu farare da suka rataya daga wuri ɗaya kamar 'yan kunne. Na so zanen nan ƙwarai. Ban san alamar tagwaye ce ba.

Madam ta fassara mana bayanin likita. Ciwon gado ne, duk ɗan da mai shi ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ba sa auna jinin yaro sai ya cika sha takwas, kuma sai shi da bakinsa ya nema. Da yamma Iya ta leƙa ta 'yar ƙofa ta faɗa wa Inna. Ba wadda ta yi mamakin ganin an sa ni ciki. A wurinmu nono yana ƙulla zumunci har ya hana aure, 'ya'yan Iya maza yayyena ne, a gabansu ba na rufe kai. Abin da ya isa ya hana aure, me zai hana shi ɗaukar ciwo? Inna ta ce, "A duba ta, gara a sani." Iya ta dangwala yatsa a takarda a madadinmu mu biyu.

Daga ranar na fara tsaron ƙafata. Akwai wata tsaga a simintin ɗakinmu, daga bakin ƙofa zuwa ƙafar gado, ita nake bi kullum da safe kafin in tafi lakwal, wato makaranta. Idan muka je gonar shinkafa na fi son in bi ta kan siririyar kunyar da ke raba fage da fage. Cikin gwaje-gwajen likita akwai zanen katantanwa, ka fara daga tsakiya kana kewayawa kana buɗewa ba tare da layi ya taɓa layi ba. Na cika bayan kaye uku, littattafan rubutuna, da katantanwa. Mushen lissafi, malaminmu, ya taɓa kama ni, ya ɗaga kayen ya nuna wa aji ya ce ga wadda za ta yi kiwon dodon koɗi idan ta faɗi jarrabawa. Aka yi dariya. Ya kira ni allo, na ɗauki alli hannuna yana rawa, allin ya karye biyu. Na ce a raina, shi ke nan, ya fara.

Ban faɗa wa kowa ba. Amma na lura ba ni kaɗai ke tsaro ba. Inna ta koma aike na da ruwa a moɗa cike fal, ta bi ni da kallo har in ajiye. Iya kuwa idan na shigo ta 'yar ƙofa ba fuskata take fara duba ba, ƙafafuna take dubawa, sannan ta ɗago ta amsa gaisuwa. Kuma tun shekarar nan ta daina cewa in zo mu ci a kwano ɗaya. Ta ce wai zubarwa take yi, kada ta ɓata mini kaya. Amma da Yaya suna ci.

Yaya ba ta gwada kanta, ko kuma ban taɓa kama ta ba. Ranar likita kullum ita ce gaba, ta taka layin nan kamar mai rawar biki, ta kai ƙarshe ta juyo ta ce, "Yarinya, biyo ni in kin iya." In bi ta, idona a kan ƙafata.

Wani abu kuma da na lura da shi a shekarun nan shi ne launin shamis, kwalin nan da ake saka takardun kowane mutum. Namu ja ne. Amma akwai waɗanda nasu kore ne: mai gadin lakwal ɗinmu, da wata mai ɗinki, da ƙanwar madam tafinta. Su ma suna taka layi, suna zana katantanwa, suna bin bakin bik, biron likita, da ido. Na taɓa jin mai gadin yana gaya wa wani cewa su ba su da ciwon a danginsu, ana gwada su ne don a san yadda tafiyar mai lafiya take, a samu abin kwatantawa. A shekara uku ban taɓa ce wa likita komai ba bayan "eh" da "a'a", balle in tambaye ta.

To, ranar layin sikoci mun zo da wani abu sabo. An aiko tun mako guda cewa yaran da suka kusa sha takwas su zo da takardar haihuwa, don a san watan da kowa zai cika. Tawa tana cikin kayen tarihi don kada ta lanƙwashe. Ta Yaya a ninke huɗu cikin aljihu, da tabon manja a gefe.

Iya aka fara kira. Bana ba ta iya taka layin ba sai da madam ta riƙe mata gwiwar hannu. Taku uku ta yi ta tsaya.

"Wanga layi naku ya sha giya," ta ce, kalmomin suna fitowa a hankali, suna manne da juna. "Ku miƙe shi tukuna."

Madam ta fassara, likita ta yi dariya ta rubuta wani abu. Sannan ta miƙo hannu muka ba ta takardunmu. Ta shimfiɗa su gefe da gefe a teburi. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu, ta cire gilashi ta goge ta mayar. Ta jawo takardar zanen iyali ta ɗora yatsa a kan 'yan kunnen nan biyu.

Ina jin Faransanci, don haka na ji tambayar kafin madam ta juya ta. Ta yaya tagwaye za su yi wata huɗu a tsakani? Kuma me ya sa sunan uwa daban, sunan uba daban?

"Iya," in ji madam, "Ƙaramar nan, ke kika haife ta?"

"Ɗiyata ce."

"Na sani. Amma cikinta, ke kika ɗauka?"

Iya ta gyara zama, ta haɗe fuska. "Wata goma sha tara tana shan nonona. Har cizo na ta yi, ga tabon nan in kuna son gani. Wa zai ce ba ɗiyata ba ce?"

Madam ta dafe goshi. Ta juya ga likita ta yi bayani da sauri, tana cewa laifinta ne, ita 'yar ƙasa ce, ya kamata tun farko ta tambaya. Likita ta ce a'a, ita ta yi zanen. Ta kalle ni ta saman gilashi. Sannan ta ce tana son ganin wadda ta haife ni, yanzu in da hali.

Yaya ta fita ta tari kabu-kabu zuwa kasuwa, ta ɗauko Inna daga rumfarta ta albasa. Mu kuwa muka koma banci. Iya ta kama hannuna ta riƙe, nata yana ɗan karkarwa. Ni ma ban san me ake ciki ba. Na zaci za a yi mana faɗa ne saboda mun sa likita ta ɓata takarda shekara uku. Na ƙura wa bakin sikocin nan ido, tururuwa biyu sun maƙale a ɗankonsa, ɗaya tana motsi ɗaya ta daina.

Inna ta shigo da lalitarta a ƙugu, ɓawon albasa manne a gefen zanenta, ko takalmi ɗaya ba ta saka daidai ba. Ba ta gai da kowa ba.

"Mi ya faru? Ta faɗi bisa layin?"

"Ko hawa ba ta yi ba, mai albasa," in ji Iya. Haka suke kiran juna, mai albasa da mai shinkafa. "Zauna ki sha iska."

Likita ta fara tambaya. Inna 'yar ina ce? 'Yar Gaya ce, uwa da uba. Babana fa? Mutanen Kamba ne, kakansa ya zo Malanville da fataucin goro. Akwai aure ko haihuwa tsakaninsu da dangin Iya na Garou? Inna da Iya suka dubi juna, suka bi kakanni ɗaya bayan ɗaya, har suka ɗan yi gardama a kan wata gwaggo da ta taɓa aure a Garou, aka gano ba ta haihu a can ba. Akwai mai tangaɗi a dangin Inna ko na Baba? Babu. Akwai dai wani kawu da ke faɗuwa daga keke, amma Inna ta ce shi wannan bai iya ba ne kawai.

Sai likita ta ajiye kirayon ta yi magana a hankali, tana kallona. Ta ce ciwon nan ba ya bin nono. Ba ya bin kwano ko gumi ko kwana a shimfiɗa ɗaya. Tun ranar da aka ɗauki cikin mutum ake ba shi ko a hana shi, daga uwar da ta ɗauki cikin ko uban da ya yi shi. Ta ce ko shekara goma na yi ina shan nonon Iya, ban sha shi ba.

Na ji kowace kalma. Amma ban yarda da Faransancina ba. Na zauna ina kallon bakin madam, ina jira ta faɗa da Hausa, Inna da Iya suna ta kallonta su ma ba su san abin da na riga na ji ba. Madam ta sha ruwa tukuna. Ban taɓa ganin mutum ya daɗe yana shan ruwa kamar ranar ba.

Da ta faɗa, Inna ta ce, "Sake faɗi." Ta sake, har ta ƙara da yaren Dendi don kada a ce ba a gane ba. Inna ta ɗaga hannu biyu ta yi hamdala, ta zame daga banci ta zauna a ƙasa. Ni kuwa abin da na fara ji shi ne yatsun ƙafata. Ashe a dunƙule suke cikin takalmi, ban san tun yaushe ba. Na sake su ɗaya bayan ɗaya.

Iya ce ba ta motsa ba. Can ta ce, "Ashe ban cuce ta ba."

Inna ta ɗago. "Wa ya ce kin cuce ta?"

"Ba wanda ya ce."

"To, mi ya kawo wagga magana? Ke kika raya mini ita ina kwance kamar gawa."

"Shekara uku ina kallon ƙafarta," in ji Iya. "Kullum in ce, ɗiyar mutane, an kawo mini amana na ba ta abin da na ba ta." Hawaye yana zubo mata, ta kai hannu za ta share ya wuce ya bugi kunnenta. Inna ta tashi ta share mata da bakin mayafi, mayafin kuwa duk albasa ne, sai idon Iya ya ƙara zuba. Suka fashe da dariya su biyu, suna kuka suna dariya, madam tana cewa su yi a hankali akwai marasa lafiya a ciki.

Likita ta tambaye ni ko na taɓa jin wani abu a jikina da ya tsorata ni. Na sunkuyar da kai na ce hannuna yana rawa. Yaushe? Na ce idan an kira ni allo. A gida fa, ko wajen tsintar shinkafa? A'a.

"Ni na san sunan wanga ciwo," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Mushen lissafi. Rabin ajinmu na da shi."

Har likita sai da ta yi dariya da aka fassara mata. Duk da haka ta sa na miƙa hannuwa, na taɓa hanci da yatsa, na zana katantanwa. Ta ɗaga takardar ta ce ba ta taɓa ganin mai kyau kamarta ba. Ban gaya mata kaye nawa ta ci ba.

Sannan ta ɗauko gom, abin goge fensir. Ta jawo takardar zanen iyali, ta fara goge zobe na biyu, a hankali don kada ta taɓa na farko. Ta hure garin gom ɗin. Saura zobe ɗaya fari a ƙarƙashin baƙin zoben Iya, da ɗan karkataccen layin da yake rataye da shi, da wani dishi-dishi a gefensa inda nake.

Na dubi Yaya. Ita ma takardar take kallo.

"To, an sallame ki," ta ce. "Dama kin cika mana wuri. Je ki ki sayar da albasa." Murmushi take yi, amma ta naɗe bakin hijabinta a yatsa har yatsan ya yi fari.

Aka kira ta layi. Ta cire takalmi, ta taka kamar kullum, diddige yana taɓa yatsa, hannu a ƙugu, taku goma ba ko girgiza. Likita ta ce da kyau. Amma da ta kai ƙarshe ba ta juyo ba. Ta tsaya tana kallon katanga, ta sa babban yatsan ƙafa tana danna bakin sikocin nan da ya ɗago, yana ƙin kwanciya tana sake dannawa. Baɗi za ta cika sha takwas. Za a tambaye ta ko tana son a auna jininta, kuma ko me ta zaɓa, a bancin nan za ta zauna ta jira.

Inna ta riga ta miƙe tana gyara lalita, tana cewa ta bar rumfa a hannun maƙwabciya, kuma yau sai ta yanka kaza. Iya ta ce a kawo gidanta a ci, kwano ɗaya, kowa ya zo da zanen da bai damu da shi ba. Likita ta cire takarduna daga jan shamis ta ajiye su gefe. A can ƙarshen teburi, ƙarƙashin kwalbar ruwan madam, akwai koraye guda huɗu sababbi da ba a rubuta komai a kansu ba.

Na shirya maganar da Faransanci a cikin kaina, har sau biyu, na gyara inda ya kamata. Na matsa kusa da teburi. Da na buɗe baki Faransancin ya gudu, sai na juya ga madam, murya ƙasa-ƙasa har sai da ta sunkuyo.

"Madam, don Allah ki ce mata ta sa ni cikin koren. In Inna ta yarda zan riƙa zuwa kowace shekara. Amma a riƙa kiran mu rana ɗaya da Yaya, ita gaba, ni baya."